Katakon gwamnati a Ghana: ta wace ƙofa ƙaramin kafinta zai shiga?

Masta Aboabo:
Assalamu alaikum yan uwa masu sana'a. Inada tambaya kuma inaso waɗanda suka san doka su warware mana ita. Anan Ghana bishiyar dake cikin gandun daji ta hukuma ce, wadda ta tsiro da kanta a gonar mutum ma ance gwamnati ke riƙe da ita. To mu masu yin gado da kujera da ƙofa da bencin makaranta ta ina zamu sayi wannan katakon bisa doka? Abinda ido yake gani shine manyan kamfanoni ake baiwa daji, su zaɓi mai kyau su kai Takoradi da Tema a loda a jirgi, mu kuma sai katakon censo, wato wanda aka tsaga da injin zarto na hannu, wanda doka ta haramta. Kenan duk kafintan dake kasuwannin katako na Sokoban da Ashaiman da Techiman cikin laifi yake kwana yake tashi?

Ɗan Na'ibawa:
Wa alaikumus salam Masta. Wai har censo haramun ne a wajenku? Mu nan Kano ai ko tambaya bama yi, tirela ta sauke kaya kawai a ƙirga falanki.

Tsohon Malamin Daji:
Wa alaikumus salam. Masta tambayarka tana kan hanya, bari in ɗan yi tsawo kuyi haƙuri dani. Tun dokar 1962, zamanin Nkrumah, aka ɗora bishiyoyin katako da suka fito da kansu a hannun shugaban ƙasa, yana riƙe dasu amana a madadin masu ƙasa wato sarakuna da jama'arsu. A 1997 akayi doka mai lamba 547 wadda ta kawo abinda ake kira TUC, kwangilar cin gajiyar katako kenan. Babu wanda zai sare bishiyar katako don kasuwa sai da ita, kuma ba mutum ɗaya ake baiwa ba, sai kamfani mai rajista wanda zai nuna yanada kayan aiki da ƙwararren ma'aikacin daji da tsarin yadda zai yi saran. Tana iya kaiwa shekara 40, faɗin wurin har murabba'in kilomita 125, sannan sai majalisa ta amince da ita. Daga 2003 aka ce sai ta gwanjo, wanda ya fi tayi shi zai ɗauka. A 1998 kuma ƙa'ida mai lamba 1649 ta hana tsaga gungume da censo don sayarwa, ta hana saye da sayar da irin wannan katakon. Ɗan Na'ibawa kaji amsarka, mallakar injin ba laifi bane idan kayi masa rajista, tsaga falanki dashi ka kai kasuwa shine laifin.

Masta Aboabo:
Baba Allah ya ƙara lafiya. To ai kaga inda gizo ke saƙar. Ni da yara shida a shago ina zan samu kamfani da katafila da kuɗin gwanjo? Ni ba daji nake nema ba, falanki busasshe nake nema wanda zan saya da rasit.

Tsohon Malamin Daji:
Shi yasa a lokacin aka umarci masu somil, wato masana'antar tsaga katako, su riƙa ware kashi 20 cikin ɗari na abinda suka tsaga su sayar a kasuwar gida. A takarda ƙofarka kenan. Amma mai somil ya biya kuɗin gwanjo, ya biya kuɗin kututture, wato kuɗin da hukuma ke karɓa kan kowace bishiyar da aka sare, ya biya wuta da dizal da ma'aikata, ga bature yana jiransa da yuro. Me zai sa ya baka mai kyau a farashin sidi, kuɗinmu na Ghana? Sai ya turo rijet da ɓarɓashi, kuma ko da sun cika kashi 20 ɗin cif bazai ishi ginin da akeyi a Akra da Kumasi ba. Binciken da cibiyar binciken daji ta FORIG tayi da ƙungiyar Tropenbos wajen 2010 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na katakon kasuwar gida na censo ne. Shekara goma sha biyu bayan haramci fa kenan.

Maman Fadila:
Kashi 84! To wallahi wannan ba yan kasuwa bane suka karya doka, dokar ce bata dace da ƙasar ba. Ni shagon kayan ɗaki gareni a Nima, kafintoci uku ke min aiki, kuma abinda yafi ci min rai ba ma maganar kamu bane, ingancin kayan ne. Katakon censo ɗanye yake zuwa, kaurinsa ba ɗaya ba, gefe ɗaya inci biyu ɗaya gefen ya haura, sai an kai injin gogewa an cinye kusan kwata kafin ya miƙe. Kayi wa amarya wadirof da itacen wawa ko ofram ɗanye, iskar hunturu na kaɗawa ƙofa ta banƙare, uwar amarya ta dawo tana maka kallon macuci. Daga nan sai mutane suce gara na China ko na Turkiyya. Haka muke rasa kasuwa a garinmu alhali odum da mahogani daga dajinmu suke fita.

Mai Censo:
hajiya kiyi hakuri amma kada a dora mana komai. ni nayi aikin nan a yankin Sefwi kuma ina fada da babbar murya badan mu ba da babu rufin gida ko daya a zango. mu muke shiga inda mota bata shiga mu dauko falanki a ka. kuma manomi yafi son mu akan kamfani ku tambayi kowa

Ɗan Na'ibawa:
Me yasa manomi zai fi son ku? Ba kamfani ne mai kuɗi ba?

Mai Censo:
saboda mu a hannu muke bashi kudinsa kafin mu tada inji. kamfani kuwa zai zo da takarda daga sama ya kada bishiya akan kokonsa ya ja gungume da katafila ta tsakiyar gona, sai dan diyyar amfanin gona in ma an bashi. bishiyar da ya bari shekara talatin tana yiwa koko inuwa ko sisi bashi da shi a cikinta

Tsohon Malamin Daji:
A wannan gaɓar gaskiya ya faɗa, kuma a ganina nan ne tushen ciwon. Kuɗin kututture idan an karɓa, Hukumar Daji tana ɗaukar nata kason na kula da daji, sauran ya tafi ofishin filayen sarauta. Tsarin mulkin 1992 yace ofishin ya cire kashi 10, abinda ya rage a raba, 25 na kujerar sarauta, 20 na majalisar gargajiya, 55 na gundumar. Akwai kuma yarjejeniyar da kamfani keyi da ƙauyukan kusa, har kashi 5 na kuɗin kututture, ayi musu rijiya ko aji. Ku duba duk lissafin nan babu sunan manomi. To mutumin da ya san bashi da rabo me zai yi? Ko ya kira mai censo da dare, ko ya kashe bishiyar tun tana ƙarama don kada gobe a ɓata masa gona. Na ga gonaki da yawa da aka zagaye ɓawon odum aka barshi ya bushe a tsaye, abin yana da ciwo. Gyaran dokar da akayi a 2002 ya cire bishiyar da mutum ya shuka da hannunsa, wannan taka ce, amma wadda ta tsiro da kanta har yanzu maganar bata ƙare ba.

Abu Hanifa Tamale:
Ni dai zan saɓa muku kaɗan. Kowa anan yana magana kamar ƙananan mutane basu da laifi. Mu a arewa mun ga abinda akayi wa madobiya. Ba manyan somil na Kumasi bane suka shiga dazukan Gonja da Bulsa, yaranmu ne da censo, dillalai na biyansu, kwantena na fita zuwa China. An hana an buɗe an sake hanawa tun 2012, kafin a farga manyan bishiyoyin sun tafi. Idan yau akace kowane kafinta da kowane mai inji a bashi famit, shekara nawa dajin zai kai? Ma'aikacin daji ɗaya zai iya bin kamfani biyar, amma bazai iya bin mutum dubu biyar ba. Dan Allah mu riƙa faɗin ɓangaren nan shima.

Ɗan Na'ibawa:
Wannan haka yake Malam. Irinsa akayi a Taraba da Kogi, itacen da suke cewa madrid, madobiyar dai ce. Har aka sa ta cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan dake neman ƙarewa, aka fara aiki da shi a 2017, a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita gaba ɗaya. Yanzu mai sassaƙa ma wahalar samunta yake.

Masta Aboabo:
Malam Abu ban ƙi maganarka ba amma ka lura, madobiyar nan waje aka kaita, ba kafintan Tamale ne ya cinye ta ba. Kuma ni bance a bani famit in shiga daji ba, ban iya sara ba bana kuma sha'awa. Cewa nayi cikin abinda gwamnati ta riga ta yarda a sare duk shekara, a ware wani kaso ace wannan na masu sarrafawa a gida ne, kada babba ya taɓa. Adadin bishiyar da za'a sare bai ƙaru ba, wanda zai saya ne ya canza.

Ɗan Zango a Oregon:
Salam jama'a, ina karantawa tun ɗazu. Masta abinda ka faɗa yanzu shine kusan abinda akeyi anan Amurka. Ina jan motar gungume kuma mafi yawan somil ɗin da nake kaiwa kaya na iyali ne. Dazukan tarayya hukumar daji ce ke sayar da katakonsu ta gwanjo, amma akwai tsarin da sukeyi tare da hukumar ƙananan sana'o'i. A kowane yanki ana duba tarihin saye a fitar da kason ƙananan kamfanoni, duk shekara 5 a sake lissafi. Idan aka ga abinda ƙanana suka samu ya faɗi ƙasa da kasonsu sai a ware wasu gwanjon ace ƙanana kaɗai zasu yi tayi. Sannan wanda yaci irin wannan gwanjon ba'a yarda ya juya ya sayarwa manya fiye da kashi 30 na gungumen ba, sauran 70 dole shi ya sarrafa ko ya sayarwa ƙarami irinsa.

Maman Fadila:
To kaji inda akayi tunani. Wannan kashi 30 ɗin shine maganin yan kamasho.

Ɗan Zango a Oregon:
Eh Hajiya amma kada in yaudare ku, ƙarami a wajensu shine wanda ma'aikatansa basu wuce 500 ba. Wanda suke kira ƙarami anan a Kumasi babban attajiri ne. Kuma gungume suke saye ba falanki ba, wato tsarin yana kare ƙaramin somil ne, kafinta sai dai ya amfana ta bayan fage saboda akwai somil kusa dashi da yake raye. Ko anan ɗin ma ana rigima akai kullum, manya suna cewa an rage gasa gwamnati na asara, ƙanana suna cewa badan tsarin ba da tuni an haɗiye su. Kuma tun da aka rage sara a dazukan tarayya na nan yankin farkon shekarun 1990 saboda kare wata mujiya, somil da yawa sun rufe duk da kason nasu, don kaso daga abinda babu ai babu ne.

Abu Hanifa Tamale:
Yauwa, ƙarshen maganarka nake so a riƙe. Idan dajin ya ƙare ko kashi ɗari aka baku babu abinda zaku ɗauka. Ga galamse, masu haƙar zinare ba bisa doka ba, na cin gandun daji da katafila, ga koko na shiga.

Tsohon Malamin Daji:
Masta akwai abinda ban kai gareshi ba ɗazu. A 2017 anyi sabuwar ƙa'ida mai lamba 2254, ita ce ta raba haƙƙin katako gida biyu, na manya da na ƙanana. Na ƙananan wuri ne ɗan kaɗan na ɗan gajeren lokaci, an yi shi ne musamman don wuraren da bishiyar bata kai a baiwa babban kamfani ba, kuma ana fatan ta nan kasuwar gida zata samu katako mai takarda. Kafin nan ma an fara gwada abinda ake kira tsagar hannu ta zamani, wato a haɗa tsofaffin masu censo cikin ƙungiya, a koya musu aiki da ƙaramin injin tsaga mai tafiya irin Wood-Mizer, a haɗasu da mai TUC ya riƙa sayar musu da gungumen da baya buƙata. Injin nan zartonsa siriri ne, baya mayar da rabin itace gari kamar censo, falanki kuma yana fita daidai. To ƙofa dai an buɗe ta, sai dai har yanzu kamfani mai rajista da takardun haraji ake nema, kuma ƙungiyoyin da aka gwada dasu babbar matsalarsu itace samun gungumen akai akai.

Mai Censo:
baba injin da kake fada kasan kudinsa? censo mutum uku zasu hada kudi su saya. wancan sai dala dubbai. kuma ko ka saya ranar da mai TUC yaga dama ya baka ranar da bai ga dama ba ka zauna. na san wadanda suka shiga suka dawo daji saboda yunwa

Maman Fadila:
Shi yasa nace maganar kaso ta fi. Idan alfarma ce mai TUC zai maka to ba tsari bane. A rubuta a cikin kwangilarsa cewa kaza daga gungumen da ka fitar na masu tsagar gida ne, a farashin da aka sani, in baka bayar ba a hana ka takardar fitar da kaya waje. Wallahi ranar da aka ɗaure takardar fita da wannan sharaɗin zaku ga falanki mai kyau a Sokoban.

Na Ngaundare:
Salamu alaikum, daga Kamaru. Mu tsohuwar dokar 1994 ta kawo hanyoyi da yawa, ta kawo manyan yankuna na kamfanoni, da sayar da sara na wurin da bai wuce hekta 2,500 ba na shekara uku, da kuma dajin al'umma har hekta 5,000 wanda ƙauye zai riƙe. Da jin dajin al'umma zaka ce an gama magana, amma takardun da ake nema kafin a fara da na kowace shekara sun fi ƙarfin ƙauye, sai wani mai kuɗi daga birni ya biya musu ya kwashe katakon da sunansu. Katakon da ke hawowa nan arewa ya wuce Kusiri zuwa Njamena mafi yawansa na masu censo ne kamar naku. Don haka Hajiya ki ƙara da cewa takarda ta zama mai sauƙi, in ba haka ba sunan na ƙanana ne cin na manya.

Masta Aboabo:
Wannan shine tsorona da ƙa'idar 2017 ɗin ma. Wa zai hana babban kamfani ya yi wa ƙaninsa rajista ya zo a matsayin ƙarami?

Tsohon Malamin Daji:
Babu abinda zai hana sai ido. Kuma idon ba na ma'aikaci kaɗai ba, naku ne ku masu sana'a, ku kuka san wane ne kafinta na gaske wane ne ɗan aike. Amma akwai abu ɗaya da ya canza wanda ya kamata ku sani. Ghana ta sa hannu da Tarayyar Turai a 2009 kan cewa katakon da za'a kai musu sai an tabbatar halal ne, kuma Ghana da kanta ta sa kasuwar gida a cikin yarjejeniyar. Saboda haka aka gina tsarin bin sawun katako a kwamfuta, tun daga lambar da ake sawa bishiya a daji har somil har tashar jirgi. An daɗe ana jan ƙafa, sai 2025 aka fara bada lasisin da ke tabbatar da halaccin katakon, Ghana ce ta farko a Afirka, ta biyu a duniya bayan Indunusiya. Amfaninsa gareku shine yanzu ana iya sanin kowane kamfani nawa ya sare nawa ya fitar nawa ya bari a gida. Da can in kace basu bada kashi 20 ba sai ace kawo hujja. Yanzu hujjar tana cikin kwamfuta, saura a nema.

Abu Hanifa Tamale:
Baba amma tsarin nan bazai ƙara matse ƙananan ba? In aka ce yau komai sai da lamba, kashi 84 ɗin can ina zasu?

Tsohon Malamin Daji:
Zai iya matse su sosai, kuma wannan ne yasa nake ganin maganar Masta ta gaggawa ce. Idan aka tsananta kamu ba'a buɗe hanyar halal ba, katakon bazai daina zuwa ba, tsada kawai zai ƙara, kuɗin kuma ya tafi aljihun masu tare hanya maimakon asusun gunduma.

Mai Censo:
wannan gaskiya ne. mota daya daga daji zuwa kasuwa sai an sallami shinge da yawa, in ka hada kudin ya fi abinda zaka biya gwamnati da ace ta yarda ta karba. ni wallahi na fi son in biya a bani rasit in yi tafiya da rana. dare muke tafiya a mugun hanya da lodi, mun rasa yara a haka

Ɗan Gaya:
Allah ya jiƙansu. Ni daga Nijar nake kuma namu ba katakon somil bane amma inaga akwai darasi. Tun 1992 akayi dokar kasuwannin itace na karkara, aka baiwa ƙauyuka ikon su sare su sayar daga dajin dake kusa dasu, da adadin da aka ƙayyade musu duk shekara, harajin kuma a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da gwamnati. Mu nan yankin Gaya giginya ce dukiyarmu, azara ake fitarwa daga ita, kuma lokacin da hukuma kaɗai ke da iko da ita mutane basa kula ko ta mutu ko ta rayu. Da aka shigo da ƙauyuka cikin kula da ita da cin amfaninta sai ga manomi yana kare ƙananan giginya a gonarsa. Ba cewa nake babu maguɗi ba, akwai, wasu kasuwannin ma sun mutu. Amma Malam Abu kace ma'aikaci bazai iya bin mutum dubu biyar ba, to ai ba shi zai bisu ba, ƙungiyarsu zai bi, in sun wuce adadi a rufe su duka, sai kaga suna tsare junansu.

Abu Hanifa Tamale:
Na yarda da wannan in har za'a rufe ɗin da gaske. Abinda na sani shine ranar da aka zo rufewa sai ɗan majalisa ya kira waya saboda ƙuri'a. Ni sharaɗina biyu ne, kason ƙanana ya fito daga cikin adadin da aka riga aka yarda ba ƙari akai ba, na biyu duk ƙungiyar da ta karɓa ta shuka.

Ɗan Na'ibawa:
Mu a Najeriya abin ma ya fi rikicewa don kowace jiha da dokarta, daji na jiha ne ba na tarayya ba. Kuros Riba ta hana sara gaba ɗaya a 2008, aka shekara goma sha biyar sannan aka ɗage a 2023, kuma duk tsawon lokacin katako bai daina fitowa ba. Mu yan kasuwar arewa a ƙarshen layi muke, afara da obeche da malaina su taso daga kudu, kowace jiha ta karɓi nata a hanya, kafin tubaifo ya iso Kano kuɗin mota da na hanya sun kusa kai kuɗin itacen. Kafintanmu bai ma san akwai wani abu wai kason gwamnati ba. Ga gandun itacen tik a Nimbiya can kudancin Kaduna, da za'a ce ana yanka shi bisa tsari ana sayarwa ƙungiyoyin kafintoci kai tsaye ai da an rage wahala.

Maman Fadila:
Tik ɗin ma ai shine abin haushi anan. Ana shuka shi a Bono da Ashanti, amma kwantena ake cikawa zuwa Indiya, mu in muna so sai mun bi dillalin da ke saya musu.

Tsohon Malamin Daji:
Malam Abu sharaɗinka na biyu akwai hanyarsa tuni. Tun 2002 ake tsarin taungiya da aka gyara, ana baiwa manoma wurin da ya lalace cikin gandun daji su shuka bishiya suna noma abinci a tsakani. Ranar da aka sare, manomi nada kashi 40, Hukumar Daji 40, masu ƙasa 15, ƙauye 5. Tik da sidirela da ofram da aka shuka a farkon tsarin yanzu sun isa sara. Ni da za'a ji tawa, daga wannan katakon za'a fara ware kason masu sarrafawa a gida, don bishiyoyin basu da girman da sai katafila, ƙaramin inji ya ishe su, kuma a sayar dasu ƙananan kaso yadda ƙungiya zata iya saye. In ka haɗa hekta ɗari biyar a gwanjo ɗaya ka riga ka zaɓi wanda zai ci tun kafin a buɗe tayi.

Masta Aboabo:
Baba wannan maganar girman kaso ita ce ban taɓa tunaninta ba. Kenan ko ba'a canza doka ba, in aka yanka gwanjon ƙanana ƙanana mun samu shiga.

Ɗan Zango a Oregon:
Haka ne, anan ma bayan wancan tsarin akwai ƙananan saye da ofishin daji na yanki ke yi, busassun bishiyoyi ko waɗanda iska ta kayar, mutum ɗaya da motarsa da ƙaramin inji yana iya saye. Amma ku shirya da maganar kuɗin ajiya, duk inda gwamnati ke sayar da katako sai ka ajiye wani abu kafin ka taɓa bishiya.

Mai Censo:
to in kungiya zata saya ku tuna damu. kafinta bai iya kada bishiya ba mu muka iya. a bamu horo akan sabon injin mu tsaga muku

Maman Fadila:
Ai dole tare za'ayi. Amma ni sai an haɗa da wurin busarwa, ko na rana ne mai rufin leda da fanka. Katako mai takarda in ɗanye ne wadirof ɗina zai banƙare kamar na da.

Masta Aboabo:
To Baba a taƙaice me zamu fara tarawa? Ƙungiyarmu tana da mutane amma rajistarta ta ƙungiya ce ba ta kamfani ba.

Tsohon Malamin Daji:
Ku fara da rajistar kamfani da sunan ƙungiyar, da lambar haraji, da asusun banki wanda mutum uku ke sa hannu. Ku yi rajista da sashen kula da masana'antar katako na Hukumar Daji, TIDD, don su ke rajistar masu sarrafawa da masu sayarwa. Sannan ku zauna ku rubuta nawa kuke ci a wata, wane irin itace, wane kauri, shago shago, don duk ofishin da kuka shiga abinda zasu fara tambaya kenan kuma yawancin ƙungiyoyi anan suke yin shiru. Da wannan takardar zaku je wajen manajan daji na gunduma ku tambayi wuraren da aka ware na ƙananan haƙƙi da gonakin taungiya da suka isa sara. Ku tafi da Mai Censo da mutanensa, su suka san wace gona ce mota zata iya shiga da damina.

Abu Hanifa Tamale:
In kun rubuta lissafin ku turo min kwafi, zan kai wa kafintocin Tamale suyi nasu. Amma ku sa layin shuka a ciki tun yanzu, hekta nawa ƙungiya zata ɗauka a taungiya bana.